Sai Ya Ƙara Wayo

Akwai wata magana da ake faɗa wa iyaye a bakin ƙofar makarantun ƙananan yara na birnin Maraɗi, waɗanda mutanen gari ke kira jardan, magana ce mai taushi wadda ba ta da kaifin zagi, ba a rubuta ta a takarda, balle a buga mata hatimi, amma duk uwar da aka taɓa faɗa wa ita takan ji nauyinta tun kafin ta kai gida: "A bar shi a gida tukuna, sai ya ƙara wayo." Ba mai cewa an kori yaro, gama darekta bai ambaci kora ba, madam kuwa har ta shafa kansa ta sa masa albarka, illa iyaka gobe babu shi a aji, jibi ma haka, har shekara ta juyo ba wanda ya tambayi inda wayon ya kwana. Wannan korar da ba ta da suna ita nake so mu yi tadabburi a kanta, domin na yi imani galibin yaran da take faɗa wa su ne mafiya bukatar zama a makarantar.

Abin da ya jawo hankalina ga mas'alar ya faru ne a wata jardan ta cikin gari, inda wata ƙanwata ke koyarwa. An kawo mata wani yaro ɗan shekara 4, wanda danginsa suka ƙetaro iyaka daga wajen Sabon Birni suka sauka gidan 'yan'uwa, kuma cikin mako uku yaron nan ya ciji yara biyu, ya yi fitsari a wando ba sau ɗaya ba, ya maida ƙarƙashin benci mazauninsa, in an jawo shi ya sandare kamar icce, in an yi masa magana ya zura wa bango ido. Da iyayen waɗanda aka ciza suka kawo ƙara, kuma suna da gaskiyarsu, sai shawara ta tsaya a kan maganar nan da na ambata, aka aika kakarsa ta zo.

Ƙanwata ta ce mata, "Inna, jikan nan naki ya gagare mu. Ko za ki riƙe shi a gida zuwa baɗi?"

Tsohuwa ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sa'an nan ta ce, "Madam, ki yi mini aikin gafara in faɗa miki magana ɗaya. Maigidan nan nawa da kike gani, da surutunsa aka san shi a garinmu. Daren da masu babura suka shigo, ni na ɗauke shi na shiga gonar gero, na kwanta a kansa, na toshe masa baki da tafin hannuna har aka yi kiran asalatu. Tun daga ranar, in ya ji kukan babur sai ya nemi rami, in kuwa hannu ya nufo bakinsa sai ya kai cizo. Ni ma ga shaidata." Ta miƙo hannu, ga tabon haƙora a gindin babban yatsa.

Ƙanwata ta ce da ta juya ta dubi ajin nata sai jikinta ya yi sanyi, domin tagar ajin tana kallon mashigar da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, bencin yaron kuma shi ne na jikin tagar. Yaran da ya ciza kuwa, dukansu biyu wasa suke yi suka rufe masa fuska ta baya. Mako uku ana yi wa yaro hukunci a kan rashin ladabi, alhali kuwa shi a ransa har yanzu yana kwance cikin gonar gero.

Hausawa sun riga sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka ƙara a kan wannan karin magana shi ne bayanin yadda gudun yake aukuwa. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne: da ya hangi haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotizol, zuciya ta hau dukan uku-uku, mutum ya shirya wa faɗa ko gudu, in duka biyun sun gagara ya daskare wuri ɗaya. Wannan rahama ce daga Mahalicci, da ita ɗan Adam ke tsira daga kura da gobara. Amma idan firgitar ta yi tsanani, ko ta yi ta maimaituwa ba tare da wani babba ya rungumi yaron ya kwantar masa da hankali ba, sai mai gadin ya zama ba ya barci, yana buga ƙararrawa a kan ƙarar ƙofa da ɗaga murya da inuwar bulala. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa kuwa, wanda shi ne mazaunin haƙuri da auna al'amura, ba ya kammala nuna sai mutum ya haura shekara 20, to ina ga ɗan shekara 4? Saboda haka umurtar irin wannan yaro da ya natsu, a daidai lokacin da ƙararrawa ke kaɗawa a kansa, daidai yake da umurtar mai zazzaɓi ya daina rawar sanyi.

Mutanen Amurka, da yake su masu son ƙidayar kome ne, sun auna wannan al'amari da alƙaluma. A shekarar 2005 wani malamin Jami'ar Yale mai suna Walter Gilliam ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan azuzuwan ƙananan yara kusan 4,000 cikin jihohi 40, ya samu cewa ana korar kimanin yara 7 daga kowane 1,000, watau fiye da ninki uku na yadda ake korar manyan ɗalibai tun daga firamare har ƙarshen sakandare, kuma yara maza sun fi mata shan kora fiye da sau huɗu. Abin da ya fi ba ni mamaki cikin bayaninsa shi ne cewa kora ta fi bin halin da malama ke ciki bisa ga halin yaron: inda aji ya cika maƙil, inda yini ya yi tsawo, inda malama ta gaji ta rasa mataimaki, nan kora ke yawaita, inda kuwa akwai masanin halayyar yara da ke zuwa a kai a kai yana zama da malama suna duba matsalar tare, korar takan sauko kusan rabi. Kafin wannan, a 1998, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun fara bayyana sakamakon wani bincike da ya shafi manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego, inda aka ga cewa gwargwadon yawan musibun da mutum ya sha yana ƙarami, na duka ko wulaƙanci ko rabuwar iyaye ko tashin hankalin gida, gwargwadon haɗarin da yake ciki na ciwon zuciya da shaye-shaye da baƙin ciki mai tsanani in ya girma. A kan waɗannan hujjoji ne ma'aikatun lafiya da na ilimi na ƙasar suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a 2014 suna horon makarantu da su rage korar ƙanana, sa'an nan a 2016 aka haramta ta a cikin shirinsu na 'ya'yan talakawa mai suna Head Start. Usulubin da suka ɗauka a madadin kora shi ne wanda zan kira tarbiyya mai lura da raunin zuciya, jigonta kuwa shi ne malama ta fara neman sanin abin da ya sami yaro kafin ta yanke hukunci a kan abin da ya aikata.

Kada mai karatu ya ce wannan bidi'ar Nasara ce da aka ɗauko mana daga ƙetaren teku, domin malamanmu sun riga su da ƙarnuka. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya keɓe fasali guda cikin Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga masu neman ilimi cutarwa ce gare su, musamman ƙanana, ya kuma bayyana cewa wanda aka rena da ƙarfa-ƙarfa yakan rasa walwala, ya koyi ƙarya da makirci don tsoron hannun da ke kansa. Tun kafin shi, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, ɗan babban malamin nan na mazhabarmu ta Malikiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai inda ya ƙayyade ta'adibi ƙayyadewa mai tsanani, ya kuma hana malami bugun yaro don huce fushinsa. Imamu Gazali ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, don kada zuciyarsa ta mutu. Kuma kowane ɗan makarantar allo ya san cewa ita kanta salla, wadda take ginshiƙin addini, ba a fara umurtar yaro da ita sai ya kai shekara 7, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri, don tausayin uwarsa. To, idan shari'a ba ta ɗora taklifi a kan wanda bai kai tamyizi ba, da wace hujja za mu yanke wa ɗan shekara 4 hukuncin fita daga makaranta saboda ya kasa zama a benci?

Mu a ƙasar Maraɗi muna da dalilai na musamman da za su sa mu kula da wannan, gama garuruwanmu 'yan gudun hijira ne suka kafa su. Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu su suka raya Maraɗi a zamanin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, har ma shi kansa birnin na yanzu ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta hawo da shi tudu. Jikokin waɗancan ne yau ke karɓar baƙi: daga 2019 dubun dubatar mutane sun tsero daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda 'yan bindiga, a shekarar farko kaɗai sun haura 40,000, mafi yawansu mata da yara, suka sauka a ƙauyukan gundumar Gidan Rumji, wadda Tsibiri ke cikinta, kafin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Ba baƙi kaɗai ke ɗauke da rauni ba. Ranar Litinin 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar cikin birni, yara aƙalla 25 'yan shekara 5 zuwa 6 suka rasu, Allah ya sa masu ceton iyayensu ne, wata bakwai kacal bayan irinta ta halaka yara kimanin 20 a Yamai. Bayan haka ne gwamnati ta hana karantar da 'yan jardan a cikin rumfunan zana. An yi zaman makoki na kwana uku, an yi wa waɗanda suka ƙone magani, amma yaran da suka fito a guje suna jin kururuwar abokansu, da ƙannen mamatan da suka taso a gidajen da uwa ke zabura in an ambaci makaranta, su ma sun koma aji da abin da suka gani. Sa'an nan ga ruwan 30 ga Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya kashe aƙalla mutum 15 a birnin, a daminar da ta sa aka ɗage komawa makaranta a ƙasa baki ɗaya har zuwa 28 ga Oktoba.

Waɗannan su ne musibun da rediyo ke faɗa. Akwai kuma na cikin ɗaki, waɗanda al'ada ta lulluɓe har ba ma ganinsu musibu: yaron da aka saki uwarsa, aka karɓe shi daga hannunta rana ɗaya aka danƙa wa kishiyarta, agolan da ke cin tuwo yana kallon fuskar mijin uwa, ɗan riƙon da aka ɗauko daga ƙauye ba tare da an gaya masa dalili ba. Ban ce riƙo aibi ne ba, ni kaina gwaggona ce ta rene ni kuma ban ga komai a hannunta ba sai alheri, amma na tuna watannin farko da na yi ina kwana da takalmana a ƙarƙashin matashi, ina jiran a zo a mai da ni gida. Yaron da aka taɓa rabawa da wanda ya dogara gare shi, in makaranta ta ce ya tafi, darasin da yake ɗauka shi ne cewa kowane babba yana da ranar da zai yar da shi.

To, me ƙanwar tawa ta yi? Ba ta da masanin halayyar yara, ba ta da littafi, abin da ta yi duka bai ci ko dala ba. Ta roƙi darekta ya ba ta wata ɗaya. Ta ɗauke yaron daga jikin taga ta kawo shi kusa da teburinta, bayansa na jingine da bango yadda ba mai zuwa masa ta baya, ta kuma gaya wa sauran yara cewa wasan rufe ido ya ƙare a ajin nan, ba tare da ta tona asirin kowa ba. Ta shimfiɗa 'yar tabarma a lungu, ta ajiye buta da moɗa da wasu 'yan duwatsun dara, ta sanar cewa duk wanda ya ji ransa ya ɓaci yana iya zuwa ya zauna har ya huce. Ta kiyaye ƙwarai kada ta taɓa tura yaro wurin da sunan horo, domin da ta yi haka sau ɗaya da tabarmar ta zama kurkuku. Kullum da safe takan tsaya a ƙofa ta gaishe shi da sunansa, ta tsuguna har idonta ya yi daidai da nasa, kuma ta tsara yinin yadda abu ɗaya ke bin ɗaya ba sauyi, gaisuwa, waƙa da tafi, zane, shan iska, tatsuniya, in za a tashi daga wani zuwa wani sai ta faɗa tun da sauran lokaci, saboda zuciyar da aka saba yi wa ba-zata ba abin da ke sanyaya ta kamar ta san abin da ke tafe. In babura suka taso ya shige ƙarƙashin benci, ba ta jawo shi, takan zauna a ƙasa kusa da shi ta ce a hankali, "Ka ji tsoro ko? Babur ɗin kasuwa ne, ga shi can ya wuce. Ina nan." Makon farko kakar ce ke zama a bakin ƙofa tana kaɗa auduga har a tashi, mako na biyu tana tafiya da hantsi, daga baya sai rakiya kawai.

Wajibi ne in faɗi abin da ke kan ɗaya gefen sikeli, don kada a ce na yi son kai. Uwar yaron da aka ciza tana da haƙƙi, ɗanta amana ne a hannun makaranta, kuma lura da raunin wani ba ya nufin a bar shi ya cuci na kusa da shi. Cizo dai haram ne a aji, ana faɗa wa yaro haka a sarari, ana raba shi da wanda ya cutar, in ya huce a sa shi ya ba da haƙuri, abin da aka cire kawai shi ne bulala da kunyatarwa da kora. Haka nan ba kowace ƙiriniya ce alamar firgita ba. Wata dattijuwar malama da na zanta da ita a wajen Jiratawa, inda iyaye mata ke sammakon fita lambunan zogale na bakin Gulbi, ta ce mini ita kafin ta zargi zuciyar yaro sai ta fara tambayar cikinsa, domin sau da yawa wanda ke kuka da ƙarfe goma kokon safe ne bai sha ba. Wani kuma kunnensa ne ke ruwa ba ya jin abin da ake faɗa, wani sikila ke cinsa, irin waɗannan asibiti ne maganinsu. Ta kuma gargaɗe ni, kuma na ga hikimar gargaɗin, cewa malama ba alƙali ba ce da za ta tsare yaro da tambaya sai ya ba da labarin abin da ya gani, gama tono irin wannan ba tare da sani ba yana iya tayar da miki. In yaro ya kawo zancen da kansa, ko ya zana shi a ƙasa da tsinke, a saurare shi, in bai kawo ba a ƙyale shi.

Babbar illar kuwa ita ce wadda Gilliam ya gano a can, kuma ta fi tsanani a nan: malamar da aka tara wa yara cunkus ita kaɗai, wadda wataƙila 'yar kwantiragi ce mai jiran albashi, wadda ita ma ruwa ya ci ɗakinta bara, ba adalci ba ne a ɗora mata haƙurin Annabi Ayuba a juya a tafi. Amma muna da abin da za mu jingina a kai. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta riga ta sanya karatun ƙanana cikin matakan ilimin ƙasa. Makarantunmu suna da kwamitocin gudanarwa da ƙungiyoyin iyaye mata masu tarbiyya, waɗanda za su iya jera wa juna kwana, uwa ɗaya ta riƙa zama a aji tana taya madam. Masu ba malamai shawara da ke zagayawa daga ofishin sufeto, da za a ƙara musu wannan ilimi, su ne za su tsaya a matsayin masanin da Amurkawa ke biya da tsada. Makarantar horon malamai ta Maraɗi kuma mashiga ce da sababbin malamai ke bi. Abu ɗaya da nake ganin ya kamata a fara da shi, domin shi ne mafi sauƙi, shi ne a ba korar nan sunanta: duk yaron da aka ce a bar shi a gida, a rubuta sunansa da dalili da abin da aka jarraba kafin a kai ga haka, da ranar da zai dawo. Na tabbata darektoci da yawa, in aka ce su ɗauki alƙalami su rubuta cewa sun sallami ɗan shekara 4 saboda ya yi fitsari a wando, hannunsu zai yi nauyi.

Watan da ƙanwata ta roƙa ya cika, darekta bai sake tayar da maganar ba, ita ma ba ta tuna masa ba. Yaron ya ƙara cizo sau ɗaya a mako na biyu, daga nan bai sake ba. Da na koma makarantar wajen ƙarshen sanyi, na tarar ana tatsuniyar Gizo, yana zaune a bakin tabarmar lungu da duwatsun dara a hannu, bai shiga cikin yara ba amma kunnensa na wurin. Can sai ga ayarin 'yan rakiyar amarya a kan babura sun biyo ta mashigar suna ta busa oda, na ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya rarrafa ya shige ƙarƙashin teburin madam. Ita kuwa ba ta katse tatsuniyar ba, sai dai ta sauke hannunta ɗaya ƙasa ta bar shi a buɗe. Da ƙarar ta yi nisa ya leƙo, ya kama ɗan yatsanta, ya ce da muryar da ban taɓa ji ba, "Madam, na biki ne ko?" Ta ce, "Na biki ne." Ya fito ya koma kan tabarmarsa, ya ce a faɗa masa abin da Ƙoƙi ta ce, don bai ji wurin ba.